Yadda Za Ka Auna Babbar Waya Mai Faɗin Fuska Kafin Ka Zuba Mata Kuɗinka

Lokacin da kamfanin Samsung ya fito da Galaxy Note ta farko a shekarar 2011, girman fuskarta inci 5.3 ne, kuma mutane da yawa sun yi mata dariya, suna cewa wanda ya kara ta a kunne kamar ya kara allon karatu ne. A yau ko wayar itel ko Tecno mai sauƙin kuɗi da ɗan sakandare ke latsawa a bakin Ƙofar Ƙaura ta fi ta girma, domin yawancinsu sun haura inci 6. Saboda haka idan an ce babbar waya a wannan bayani, ba faɗin fuska kaɗai ake nufi ba. Ana nufin wayar da kamfani ya sa a sahun gaba cikin kayansa na shekara, ya zuba mata mafi ƙarfin inji da mafi kyawun kyamara da gilashin da ya iya samarwa, irin su Galaxy S24 Ultra mai inci 6.8 da ta fito a watan Janairun 2024, da Galaxy S25 Ultra da iPhone 16 Pro Max, waɗanda kowaccensu ke da inci 6.9. Daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ake yin wannan awo, don haka inci 6.8 ya kai santimita 17 da 'yan kai.

Na riƙe irin wannan waya, na kuma ga yadda take ƙarewa a hannun 'yan'uwa da abokan aiki a Katsina da Daura, kuma abin da na fahimta shi ne alherinta da wahalarta duk daga fuskar nan suke fitowa. Ita ce ke sa mutum ya ji daɗin karatu da kallo, ita ce kuma ke ƙara wa wayar nauyi, ke shan batir, ke fara tsagewa idan ta faɗi, sannan a teburin mai gyara babu abin da ya kai ta tsada. Duk tambayar da ya kamata mai saye ya yi, a kanta za ta dawo.

Lissafin kuɗi da lissafin bukata

Ka fara da alƙalami da takarda tun kana gida. An sa wa S24 Ultra farashin dala 1,299 a Amurka ranar da ta fito, iPhone 16 Pro Max kuma dala 1,199, kuma wannan kuɗin na mafi ƙanƙantar ma'aji ne, wato mai GB 256. Bayan an saki darajar naira a watan Yunin 2023, canji ya daɗe yana yawo a kusa da naira 1,500 a kan dala ɗaya, wanda ke nufin dala 1,299 ta kusa naira miliyan 2 tun ba a ɗora kuɗin jigila da na fito da ribar ɗan kasuwa ba. Idan aka gwada da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, kusan albashin wata 28 ke nan, ba ci ba sha.

Kuɗin kuma bai tsaya a nan ba. Tun daga iPhone 12 a 2020 kamfanin Apple ya daina sa kan caja a cikin kwali, Samsung ya bi sahu da Galaxy S21 a 2021, saboda haka igiya kawai za ka tarar. Babu ramin da ake soka abin sauraro, sai ka sayi mara igiya ko ka nemi mahaɗi. Akwai riga da gilashin kariya, waɗanda a wannan waya wajibi ne. Abin da mafi yawan masu saye ke mantawa shi ne kuɗin canjin fuska, kuma shawarata ita ce, tun kafin ka biya, ka je wurin masu gyara ka tambayi nawa ake sa fuskar wannan samfuri ta asali. Idan adadin da aka faɗa maka ya sa gabanka ya faɗi, to ka sani wayar ta fi ƙarfin aljihunka ko da kana da kuɗin sayenta a hannu.

Bayan haka sai ka bincika me kake yi da waya a zahiri. Wayar da ke hannunka yanzu tana riƙe da wannan lissafi a cikin saitinta, inda take nuna awa nawa ka yi a kowace manhaja cikin mako. Wanda ya duba ya ga rayuwarsa duk tana tsakanin WhatsApp da Facebook da kira da tura kuɗi, matsakaiciyar waya za ta yi masa duk wannan ba tare da ya ji ya rasa komai ba. Wanda kuwa ya ga yana kwana a kan takardu, ko ɗaukar bidiyo da tace shi, ko tallata kaya da hoto, shi ne ke da hujjar ci gaba da karanta falalar da ke tafe.

Inda ta yi fice

Karatu ne babban amfaninta, kuma a nan ba ta da abokin gasa cikin abin da ke shiga aljihu. Ɗalibin Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da ake tura wa takardun darasi ta waya zai iya ganin shafi guda cur ba sai ya yi ta ja da yatsa hagu da dama ba. Na fi ganin tasirin wannan a wurin wani kawuna a Daura, wanda idonsa ya yi rauni har ya rage duba Mus'hafi sai da rana tsaka. Da ɗansa ya aiko masa da irin wannan waya, aka ƙara masa girman baƙi, aka mayar da bayan rubutun ya yi duhu, sai ya koma tilawarsa bayan sallar asuba. Ranar da na je gaishe shi na tarar ya jingina ta a kan matashi kamar yadda ake jingina allo. Na ce, "Kawu, ashe wayar ta karɓe ka." Ya ce, "Ɗana, kira dai da 'yar ƙaramata nake yi, wannan ta karatu ce, ba ta fita ko zaure." A cikin wannan amsa tasa akwai falalar wayar da aibinta gaba ɗaya.

Haske shi ne na biyu, kuma mutumin da ke aiki a fili ya fi kowa sanin darajarsa. Ƙaramar waya idan aka fito da ita rana a Babbar Kasuwar Katsina da azahar, sai an kare ta da tafin hannu ko an nemi inuwar rumfa kafin a ga shaidar shigowar kuɗi. Fuskar S24 Ultra tana iya kai wa ma'aunin haske na nit 2,600, kuma gilashinta yana rage ƙyallin da ke dawowa ido, don haka ana karanta ta a tsakiyar rana. Ɗan kasuwa zai kuma amfana da raba fuska gida biyu, ya buɗe manhajar banki a sama, hirarsa da abokin ciniki a ƙasa. Wayoyin Android ne ke yin wannan, iPhone kuwa duk faɗinta manhaja ɗaya take nunawa a lokaci guda, sai dai ɗan akwatin bidiyo da ke iya yawo a gefe. Ga mai rubutu da Hausa, faɗin madannai yana rage kuskure sosai, musamman idan ya sa Hausa a cikin manhajar madannai ta Gboard domin samun ɓ da ɗ da ƙ. Wayoyin Ultra na Samsung, daga S22 zuwa sama, suna zuwa da alƙalamin S Pen a cikin jikinsu, wanda ke da amfani ga mai rubutun ajami ko Larabci da hannu, da mai sa hannu a takarda ya mayar nan take, ko da yake mutane da yawa bayan makon farko ba sa sake zaro shi.

Kyamara tana bukatar a ɗan tsaya a kanta, domin a nan talla ya fi yaudarar mutane. Lambar megafiksel 200 da ake rubutawa da manyan baƙaƙe ba ita ce abin dubawa ba, don kuwa a saitinta na yau da kullum wayar tana haɗa ɗigogin ne ta fitar da hoto mai megafiksel 12. Abin da ya bambanta babbar waya da ƙarama shi ne ɗaukar hoto da dare ba tare da ya yi dishi-dishi ba, da rashin girgizar bidiyo, da ruwan tabarau na musamman mai jawo nesa. S24 Ultra tana da mai jawowa ninki 3 da mai ninki 5, iPhone 16 Pro Max tana da mai ninki 5. Wanda ya tsaya cikin cunkoso a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah, ko a ƙofar fadar Daura lokacin bikin Gani, zai iya ɗauko adon linzami da naɗin rawanin mahayi daga inda yake, hoton kuma ya fito tas. Amma ninki 100 da ake kambamawa aikin lissafin inji ne, wayar tana cike gibin abin da ba ta gani sosai ba da hasashe, shi ya sa fuskokin mutane ke fitowa kamar zanen fenti. A 2023 an yi ta muhawara a kan hotunan farin wata da wayoyin Samsung ke ɗauka, har kamfanin ya yi bayanin cewa manhajar kyamarar tana gane wata, sannan ta ƙara masa fitowa. Idan za ka gwada kyamara a shago, ka nemi lungu mafi duhu ka ɗauki fuskar mutum yana motsi, sannan ka fita waje ka jawo rubutun wani allon talla da ninki 5 da ninki 10. Kuma ka tuna cewa WhatsApp yana matse hoto, don haka idan ba a matsayin takarda ka tura shi ba, ko ka zaɓi babban inganci, wanda ya karɓa da ƙyar zai bambance shi da na waya mai rahusa.

Akwai kuma tsawon rai. Samsung ya yi alkawarin sabunta manhajar S24 na tsawon shekara 7, Google ma ya yi irin wannan alkawari ga Pixel 8 a 2023, Apple kuma ya saba kula da wayoyinsa shekara 5 ko fiye. Wannan yana da muhimmanci ga mai harkar banki ta waya. Sai dai batir ba zai kai wannan shekaru ba, dole a canja shi a hanya, kuma a liƙe yake a ciki.

Hannu, aljihu, zafi da wuta

S24 Ultra tana da nauyin giram 232 da faɗin milimita 79, iPhone 16 Pro Max kuma giram 227, wato kowacce ta kusa rubu'in kilo. A shago ba a jin wannan nauyi, sai an kwanta ana karatu an ɗaga ta sama da fuska na rabin awa, ko an daɗe ana tallafe da gindinta da ƙaramin yatsa. Gwajin da za ka yi mai sauƙi ne: ka riƙe ta da hannu ɗaya, ka yi ƙoƙarin taɓa kusurwar sama ta ɗaya gefen da babban yatsa ba tare da ka sassauta riƙo ba. Kusan babu mai iyawa, kuma a daidai wannan sassautawar ce waya ke suɓucewa. Akwai saitin da ke janyo fuskar ƙasa domin aiki da hannu ɗaya, yana taimakawa, amma bai rage nauyi ba. Ka yi gwajin da riga a jikin wayar, tun da haka za ka riƙa riƙe ta, kuma idan sayen na uwargida ne ko na mahaifiya, a bari ita ta riƙe da hannunta kafin a biya.

Aljihu kuwa, a nan ni kaina na sha darasi. Aljihun gaba na kaftani bai ɗauke ta, rabinta a waje yake, idan aka sunkuya alwala sai ta zame. Aljihun gefe yana ɗaukar ta, amma bakinsa a karkace yake. Wata rana na ɗaga ƙafa zan hau babur a kusa da Ƙofar Marusa, sai na ji ƙararta a kan kwalta, ta faɗi ta kusurwa. Tsaga ɗaya ce siririya kamar gashi, don haka na je wurin mai gyara da tunanin ƙaramin aiki ne. Ya juya ta a ƙarƙashin fitilarsa, ya nuna mini wani baƙin ɗigo kamar tawada a gefen tsagar, ya ce, "Yallaɓai, ba gilashin sama kaɗai ba ne, na ciki ya taɓu, kuma wannan tawadar yaɗuwa za ta yi ta yi." Na tambayi kuɗin ta asali, ya ce sai an aika Kano, kasuwar Farm Centre, idan babu kuma sai Legas. Abin da ya faɗa ya isa sayen sabuwar matsakaiciyar waya a kwali. Ya kuma ce akwai kwafi mai araha, amma ya yi mini gaskiya cewa haskenta ba zai kai ba, za ta fi shan batir, kuma na'urar karanta zanen yatsa da ke ƙarƙashin gilashi za ta iya daina aiki. Tun daga ranar nake sa tela ya zurfafa mini aljihun gefe ya sa masa zif, kuma nake zaɓen riga mai tudu a kusurwoyi huɗu, wadda bakinta ya ɗan ɗara gilashi tsawo.

Zafi matsala ce da masu sharhin wayoyi na ƙasashen sanyi ba sa damuwa da ita, mu kuwa da ita muke kwana. Apple ya rubuta cewa an ƙera iPhone ne domin aiki a yanayin da ke tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Salsiyas, alhali a Katsina da Daura zafin bazara na watan Afrilu da Mayu yana haura 40. Idan wayar ta ɗau zafi, da kanta take rage hasken fuska, ta rage gudun inji, ta tsayar da caji, wani lokaci ta rufe kyamara. Abin takaicin shi ne hasken nan da ka biya kuɗi dominsa yana dusashewa a daidai lokacin da ka fi bukatarsa, misali kana tsakiyar ɗaukar bidiyon ɗaurin aure a rana. Zafi kuma shi ne babban abin da ke tsofar da batir. Kada ka bar ta a gaban mota ko cikin aljihun babur a rana, ka cire mata riga idan tana caji a ɗaki mai zafi, kada ka yi wasa ko kallo mai nauyi tana jone da wuta. Idan ta yi zafi ka ajiye ta a inuwa a kan siminti ta huce da kanta, kada ka sa ta a firji, domin raɓa na iya taruwa a cikinta.

Da hunturu kuma ƙura ce. Alamar IP68 da ake ba waɗannan wayoyi tana nufin ƙura ba ta shiga cikin wayar, kuma tana jure nutsewa a ruwa mai tsabta na minti 30, amma ramin caji da ragar lasifika suna cika da ƙura har caja ta daina zama daidai. Tsinken sakace da buroshi mai laushi sun isa, ban da allura. Wannan kariya tana raguwa da tsufa, kuma da zarar an buɗe wayar an yi gyara, kada ka sake dogara da ita. Garanti ma ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa.

Batir ɗin S24 Ultra mAh 5,000 ne, kuma abin mamaki, daidai yake da na wayoyin Tecno da Infinix da yawa da ba su kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗinta ba. Tana iya wuni da caji ɗaya, amma a garin da ake iya kwana biyu ba a ga wuta ba, wuni ɗaya bai isa a yi alfahari da shi ba, kuma ba kowa ne zai iya miƙa wayar miliyan biyu ga mai shagon caji ya juya baya ba. Don haka ka sa fawa bank mai kyau cikin lissafinka, kana sane da cewa mai mAh 20,000 ba zai cika ta sau huɗu ba, sau biyu da ɗan wani abu ne, saboda wani kaso na wutar yana salwanta wajen juyawa. Ka sayi caja ta asali ko ta sanannen kamfani, mai wat 45 ga Ultra idan kana son ta cika da sauri a ɗan lokacin da aka kawo wuta ko aka tayar da janareta. Fuskar waɗannan wayoyi irin OLED ce, wadda ɗigon da ke nuna baƙi a kashe yake, saboda haka mayar da bayan rubutu baƙi yana rage shan wuta da gaske. Rage saurin sabuntawar fuska daga sau 120 zuwa sau 60 a daƙiƙa ma yana taimakawa. MTN ya fara 5G a Najeriya a 2022, Airtel a 2023, amma idan unguwarku ba ta da shi, ka mayar da wayar kan 4G, domin neman sabis da ba ya nan yana cinye batir, kamar yadda duk mai bin hanyar Jibiya ko Mai'aduwa ya sani. Idan kuwa kana da sola ko inbata a gida, ka kunna saitin da ke tsayar da caji a kashi 80, batir zai fi daɗewa.

Data ma tana tafiya fiye da yadda ka saba, domin manhajojin bidiyo suna zaɓar babban inganci idan sun samu hanya, kuma tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka kafa ingancin bidiyo da hannunka, ka hana wayar kwashe hotuna zuwa intanet sai an samu Wi-Fi. Ba a sa wa waɗannan wayoyi katin memori, iPhone ba ta taɓa karɓa ba, Samsung kuma ya cire ramin daga S21, don haka ma'ajin da ka saya da shi za ka zauna. A iPhone, minti ɗaya na bidiyon 4K mafi santsi yana cin kusan MB 400, alhali na 1080 na yau da kullum kusan MB 60 ne, kuma ga bikin suna da za a tura wa dangi, na biyun ya wadatar.

Idan ta hannu za ka saya

Mafi yawan manyan wayoyin da ke hannun mutane a nan ba a kwali aka saye su ba, waɗanda ake kira Landan yus ne ko na hannu, kuma babu laifi a hakan idan an yi bincike. Ka je da rana, ka je da layinka da cajarka, kuma kada gaggawar mai shago ta kwashe ka. Ka danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta fito, ka gwada ta da wadda ke cikin saiti da ta jikin kwali idan akwai. A wayar Samsung, danna *#0*# yana buɗe shafin gwaji inda za ka cika fuskar da ja, da kore, da shuɗi, ka kuma bi ta da yatsa ka ga ko akwai wurin da ba ya jin taɓi. Idan lambar ba ta buɗe ba, manhajar Samsung Members tana da irin wannan gwaji. Ka buɗe farin shafi ka ƙure haske, ka duba ko akwai inuwar madannai ko ta alamomin sama da ta kwanta a fuskar, domin wannan ƙuna ce da ba ta gyaruwa sai da canji. Siririn layi kore ko ruwan hoda daga sama zuwa ƙasa, komai ƙanƙantarsa, dalili ne na ajiye wayar.

A iPhone ka duba lafiyar batir a saiti. Apple ya ce batirin iPhone 14 da na gabaninta an ƙera shi ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, na iPhone 15 zuwa sama kuma bayan 1,000, don haka wadda ta sauko kusa da 80 canjin batir na jiranka, a rage maka kuɗinsa. A shafin bayanin wayar akwai tarihin kayan da aka canja, inda take nuna ko an sa mata fuska ko batir ko kyamarar da ba ta gane ba. Ka gwada buɗewa da fuska ko da yatsa, ka sa layinka ka yi kira, ka saurari lasifika, ka ɗauki hoto da kowane ruwan tabarau. Wannan na ƙarshe yana tona asirin jabu, domin akwai kwaikwayon Ultra da Pro Max da idanun kyamararsu ado ne kawai, ɗaya ke aiki.

Batun layi yana da tarko biyu. Wayoyin iPhone da aka ƙera domin kasuwar Amurka, daga iPhone 14 zuwa sama, ba su da ramin sim ko kaɗan, sai eSIM, wato layin da ake sa wa waya ta manhaja ba tare da kati ba. MTN da Airtel suna bayar da shi, amma ga mutumin da ya saba cire layi ya sa wani, ko ɗan kasuwar kan iyaka da ke riƙe da layin Nijar, wannan takura ce babba. Tarko na biyu shi ne wayar da ke kulle a kan wani kamfanin sadarwa na waje, wadda ake lallaɓawa da ɗan siririn faranti a ƙarƙashin sim. Tana da araha, amma tana iya daina ganin sabis bayan sabunta manhaja.

Abin da ba a sassauci a kansa shi ne asusun mai wayar na baya. Mai sayarwa ya fita daga iCloud ko asusun Google da na Samsung a gabanka, a goge wayar gaba ɗaya, ka kunna ta da hannunka har ta kai ka ciki ba ta nemi kalmar sirrin wani ba. Wanda ya ce maka daga baya za a cire, ka bar masa kayarsa. Sannan ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da lambar IMEI da kwanan wata da sa hannu, domin idan wayar ta sata ce, wanda aka samu tana hannunsa shi jami'an tsaro za su fara tambaya, kuma wannan takarda ce za ta yi masa magana.

Ranar da ta zama taka, kafin ka ɗauki hoton farko, ka sa mata gilashin kariya da riga, ka kunna saitin nemo waya idan ta ɓata, da na kariya idan an sace ta, wanda Android da iPhone duk suka ƙara ƙarfafawa a 2024. Babbar waya ba ta ɓoyuwa, haskenta da dare a cikin Napep ko a bakin titi daga nesa ake hango shi, don haka ba kowane wuri ake fito da ita ba. Ka sa wa sim ɗinka lambar sirri, domin ɓarawon waya a yau layin banki yake fara nema kafin ya yi tunanin sayar da ita, kuma da yawa sun gwammace su bar wannan layi a ƙaramar waya mai madannai. Lambar IMEI kuma ka rubuta ta a takarda, ka haɗa da rasit, ka ajiye su a gida cikin kwalin.